Bangon Aji Ma Littafi Ne: Yadda Za Mu Cika Allon Sanarwa Daga Kaka Zuwa Damina

A wannan fitowar mun waiwayi ƙannenmu na sashen firamare. Kowane aji yana da bango huɗu, amma sau da yawa guda ɗaya ne kawai yake aiki, wato wanda baƙin allo yake jikinsa. Sauran ukun ba a ganin komai a kansu sai jadawalin darussa da ya koɗe da sunayen masu shara. Alhali kuwa a ajin da littattafai ba su kai yawan yara ba, bango ne kaɗai shafin da kowa zai iya karantawa a lokaci guda. Ba a manta shi a gida, ba ya ɓacewa a hanya, kuma yaro yana kallonsa tun daga safe har a tashi. Gani ya kori ji. Don haka muka tattaro hanyoyin da za a bi a mai da allon sanarwa na aji ya zama malami na biyu, yana tafiya tare da yanayin shekara.

Yadda ake haɗa allon

Ba sai an sayo katako mai tsada ba. Babban kwali da aka buɗe, ko guntun silin, ko tabarma, ko asabari, duk suna yi. A lulluɓe shi da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, a buga ƙusa a kusurwoyi huɗu. Wajen liƙi, ƙaro da aka jiƙa a ruwa ya fi kokon fulawa, domin kokon fulawa yana janyo gara da kyankyasai. In kuwa tabarma ce, zare da allura ko fil sun wadatar. Inda bango yake tsatsafar ruwa da damina, a ɗaura igiya daga taga zuwa taga a riƙa shanya takardun kamar wanki.

Launi ma yana nan a gidajenmu. Ruwan zoɓo yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, shuni yana ba da shuɗi, gawayi da ƙaro kuwa suna ba da baƙar tawada irin ta makarantar allo.

Akwai ƙa'idoji huɗu da muke ba da shawarar a kiyaye. Na farko, a kafa allon daidai idon yara, ba daidai idon malam ba. Ga 'yan aji ɗaya, tsakiyar allon kada ta wuce kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Na biyu, a yi kanun rubutu da manyan baƙaƙe, sannan a tura yaro ɗaya bencin ƙarshe ya karanta. In ya kasa, a sake rubutawa. Na uku, a riƙa sauya abin da ke kai duk bayan mako biyu ko uku, domin abin da ya daɗe a bango ido yana daina ganinsa. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, aikin yara ne zai cika allon, kuma kowane yaro ya ga sunansa a kai aƙalla sau ɗaya a zango. Allon da kullum aikin na ɗaya zuwa na uku kawai yake ɗauka yana koya wa sauran cewa su 'yan kallo ne. Haka nan kada a liƙa sunayen waɗanda suka faɗi gwaji. Wannan yana kashe gwiwa, ba ya gyara kowa.

Kaka: allon amfanin gona

Zango na ɗaya yana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da ruwa yake janyewa, amfanin gona yana shigowa gida. A nemi kowane yaro ya zo da cikin cokali ɗaya na abin da ake nomawa ko ake ci a gidansu: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, wake, gyaɗa, riɗi. A ƙulla kowanne a 'yar leda, a liƙa, a rubuta sunansa a ƙasa da Hausa da Turanci. 'Yan aji ɗaya da biyu su ƙirga ƙwayoyi goma goma, su jera daga ƙarama zuwa babba. 'Yan aji uku da huɗu su zana tafiyar gero daga gona zuwa kwano: shuka, noma, girbi, ɗaurin dami, rumbu, sussuka, shiƙa, surfe, niƙa, tuƙin tuwo. Kowane mataki hoto ɗaya, jimla ɗaya.

'Yan aji biyar da shida kuwa lissafin kasuwa ya dace da su. Su tambayo farashin tiyar gero a kasuwar unguwa duk ranar Litinin, su rubuta a allon. Kafin ƙarshen zango za su ga yadda farashi yake motsawa, sai malam ya tambaye su dalili. Daga nan a fito da tambayoyi irin wannan: idan buhu yana cin tiya 40, gida kuma yana cin tiya 2 a rana, kwana nawa buhun zai yi?

A wannan zangon ne ake bikin samun 'yancin kai, ranar 1 ga Oktoba, wanda Nijeriya ta samu a 1960. Yara su yanka takarda su haɗa tutar ƙasa mai kore da fari da kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, su kuma zana taswirar jihohi 36 da Abuja, kowa ya sa alama a jihar da iyayensa suka fito. Ranar 5 ga Oktoba ta malamai ce, ranar 15 ga Oktoba kuma ta wanke hannu ce a duniya. Kowa ya zana tafin hannunsa a takarda, ya rubuta a yatsun lokutan da ya kamata a wanke hannu da sabulu.

Hunturu: allon iska da ƙura

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa yana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. A zana taswirar Afirka ta Yamma, a ja kibiya daga can zuwa Kano, yara su ga nisan da hazon da ke kan bencinsu ya taho.

Ga gwaji mai sauƙi: a shafa basilin a kan farin kwali, a ajiye a bakin taga, bayan kwana ɗaya a ɗauko a liƙa a allon tare da kwanan wata. In aka jera na mako biyu, kowa zai iya nuna ranar da hazo ya fi yawa. Wani gwajin kuma, a jiƙa ƙyalle a matse, a shanya, a duba agogo a rubuta mintunan da ya ɗauka kafin ya bushe. A adana sakamakon, a maimaita da ƙyallen nan a watan Yuli. Bambancin zai bayyana wa yara dalilin da leɓe yake tsagewa, ƙafa take yin faso a wannan lokaci: iskar ba ta ɗauke da danshi, sai ta tsotse na jikinmu.

Wannan ne kuma lokacin allon ganyaye. A matse ganye cikin tsohuwar jarida, a danne da dutse na kwana biyar, a liƙa. Kuka tana zubar da ganye da rani. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta, ba ta rabuwa da ganye. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Shi ya sa manoma suke barinsa a tsakiyar gona, domin ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa kuma taki ne.

Ranar 21 ga Fabrairu ita ce ranar harshen uwa ta duniya. A ware kusurwa don baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, tare da 'y. A jera kalmomi biyu biyu kamar bara da ɓara, kafa da ƙafa, daki da ɗaki, yara su zana hoton kowacce. A ƙara da kacici-kacici ɗaya duk mako, a ɓoye amsar a ƙarƙashin takarda, ba za a buɗe ba sai ranar Juma'a. Yaran da suke jin Fulatanci, Kanuri, Yarabanci, Ibo ko wani harshe su rubuta gaisuwar safe da ƙirga ɗaya zuwa goma da harshensu.

Bazara: allon rana da ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi ne ke mulki. A kafa sanda mai tsayin mita ɗaya a tsaye cak a filin makaranta, a riƙa auna inuwarta da rana tsaka, wanda a nan Kano yake kamawa wajen ƙarfe sha biyu da rabi, a rubuta a allon sau ɗaya a mako. A ƙarshen Disamba inuwar tana kai kimanin santimita 70, tana fuskantar arewa. Daga nan sai ta yi ta raguwa, har wajen 21 ko 22 ga Afrilu ta kusan ɓacewa, domin a lokacin rana tana bi ta saman kanmu daidai. A watan Yuni sai ta koma fuskantar kudu da kimanin santimita 20. Yaron da ya auna wannan da hannunsa ba zai sha wahalar fahimtar darasin zagayen duniya ba.

Ranar 22 ga Maris ranar ruwa ce. A zuba ruwa a tulu, a zuba a jarka, a ajiye su a inuwa ɗaya, da rana kowa ya taɓa. Na tulu ya fi sanyi domin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsatsafowa ya bushe, bushewar kuma tana tafiya da zafi. Da wannan hikimar Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Labarinsa ya cancanci gefe guda a allon.

Kada a manta da kusurwar lafiya. Sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani, musamman inda ake cunkoso a ɗaki marar iska. A rubuta alamunsa a fili: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sanƙarewar wuya. A ƙasa a rubuta da ja: a garzaya asibiti.

Damina: allon ma'aunin ruwa

Zango na uku yana kama farkon damina. A sa yara su lura da alamunta, su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa, da ranar da aka yi ruwan farko. Ma'aunin ruwan sama kuwa gwangwani ne kawai, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. A ajiye shi a fili nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a tsoma rula a auna zurfin ruwan da milimita, a zubar, a mayar. Milimita 1 tana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A zana sanda ga kowace rana gwargwadon ruwanta, a ƙarshen wata a tara jimilla.

Sai gwajin tsiro. A sa wake a kwalabe uku masu auduga: ta farko da ruwa a bakin taga, ta biyu da ruwa a cikin kwali mai duhu, ta uku babu ruwa. Kafin a fara, kowa ya rubuta abin da yake tsammani zai faru, a liƙa. Bayan mako ɗaya a gwada hasashe da abin da ido ya gani.

Ranar 25 ga Afrilu ita ce ta yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. A zana matakai huɗu na rayuwar sauro, a nuna cewa ukun farko duk a cikin ruwa suke, kuma cikin kimanin mako biyu ƙwai yake zama sauro. Yara su zagaya makaranta su zana taswirar wuraren da ruwa yake kwanciya, a cike su da ƙasa. Ranar yara, 27 ga Mayu, kowa ya zana sana'ar da yake so ya yi. Ranar muhalli, 5 ga Yuni, aji ya dasa bishiya ɗaya, a riƙa rubuta tsayinta.

Kusurwar wata

Azumi da Sallah ba su da zango tsayayye, domin shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Duk lokacin da suka zo, a zana gidaje 30 a allon, kowace rana yaro ɗaya ya zana siffar watan da ya gani, daga jinjirin wata har ya cika, har ya rage.

Wa zai yi aikin?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami shi kaɗai ba zai iya ba, balle a aji mai yawan yara. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da makonsa, maza da mata. Abin da aka cire kada a zubar, a ɗinke shi ya zama littafin aji.

Mu a ƙungiyar 'yan jarida a shirye muke mu taimaka da rubutun kanu da yankan kwali a lokacin tara. Duk ajin da ya kafa allonsa ya sanar da mu, za mu zo mu gani, mu kuma kawo rahotonsa a wannan bango. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.