Mutanen Ɓoye A Birnin Miniyafolis: Saɓanin Masu Karatu A Kan Wani Littafi

A cikin shekarar 1987 aka buga wani littafin hira da Turanci a ƙasar Amurka, sunansa War for the Oaks, watau yaƙi a kan itatuwan oak. Oak ɗin nan wani babban itace ne wanda Turawan dā su ke girmamawa, kamar yadda a ke shakkar tsamiya da kuka a ƙasar Hausa. Wadda ta wallafa littafin sunanta Emma Bull, an haife ta a 1954, kuma shi ne littafinta na fari. Da shekara ta kewayo, a 1988, masu karanta mujallar Locus suka zaɓe shi gwani cikin littattafan sababbin mawallafa. Tun daga sa'an nan masu karatunsa ba su bar jayayya a kansa ba, kuma abin da ya raba su ya isa a tsaya a duba.

Labarin na waɗansu halittu ne da Turawa ke kira faerie. Ba su ne aljannun da Alƙur'ani mai girma ya ambata ba. Mutanen ɓoye ne na tatsuniyoyin Ailan da Sikotlan da Ingila, waɗanda a ke cewa suna zaune cikin kurmi da ƙarƙashin tuddai, nesa da gari. Abin da Emma Bull ta yi shi ne ta ɗauko su daga dajin, ta sauke su tsakiyar Miniyafolis, babban birni a jihar Minisota, bakin kogin Misisifi, inda ita kanta ta ke zaune a lokacin. Ba don yara ta rubuta shi ba, don manya ne, gama akwai soyayya a ciki, akwai yaudara, akwai kisa.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wata mawaƙiya mai kaɗa gita, Eddi McCandry, ta rabu da ƙungiyar kiɗanta da saurayinta a dare guda. Tana komawa gida sai wani baƙin kare ya biyo ta. Ashe Puka ne, wani daga cikin mutanen ɓoye, wanda kan rikiɗa ya zama mutum, ya kuma koma kare. Mutanen ɓoye sun kasu fada biyu, ta haske da ta duhu, suna shirin yaƙi a kan wa zai mallaki birnin. Su kuwa ba su mutuwa, saboda haka yaƙinsu ba ya yanke kome sai in akwai ɗan Adam a fagen fama, domin shi ne mai ɗauke da mutuwa a jikinsa. Don haka fadar haske ta kama Eddi ba da son ranta ba, aka sa Puka ya yi tsaronta dare da rana. An yi karon farko a magangarar ruwa ta Minihaha, wuri ne na gaske cikin birnin. A ƙarshe kuwa da kiɗa aka raba gardama, tsakanin Eddi da sarauniyar duhu, a gaban taron jama'a.

Masu yabon littafin abu uku su kan ambata. Na ɗaya birnin kansa, gama an ambaci tituna da lambuna da sunayensu na ainihi, har mazaunin garin ya iya bin sawun Eddi da ƙafarsa. Suna cewa littafin ya koya musu duban garinsu da sabon ido, su ga ashe wurin da su ke ratsawa kullum zuwa aiki ya isa a yi yaƙi dominsa. Na biyu Puka, da zaƙin bakinsa da tsiwarsa da son ado, wanda da yawa su ke ganin kamannin mawaƙin nan Prince a jikinsa, shi ma ɗan Miniyafolis ne, ya rasu a 2016. Na uku kiɗa. Mawallafiyar ita ma mawaƙiya ce, ta yi waƙa cikin wata ƙungiya mai suna Cats Laughing, shi ya sa ta san wahalar neman makaɗa da neman wurin wasa, da yadda taro kan juya wa mawaƙi baya.

Masu kushe kuma ba su rasa abin faɗa ba. Waɗansu sun ce an cika shafuka da siffanta tufafi da waƙoƙin zamanin 1980, abin da ya riga ya tsufa. Waɗansu sun ce kiɗa na kunne ne, in an zuba shi a takarda sai ya zama kamar labarin miya ga mai jin yunwa. Akwai kuma waɗanda abin da ya dame su shi ne, Puka ya shiga ɗakin mace ya zauna ba da izininta ba, kana daga baya labarin ya mai da wannan tilas ta zama ƙauna. Wannan magana tana da nauyi, ko masu yabo ba su cika musunta ta ba.

Amma kushen da ya fi yawa shi ne wai babu sabon abu a ciki. Mai karatu na yanzu kan ce ya sha ganin mace mai taurin kai, da fada biyu masu gaba, da mai tsaro wanda ya koma masoyi. Gaskiya ne ya sha gani, sai dai ina ya gani? Littafin Laurell K. Hamilton na farko a kan mutanen ɓoye a 2000 ya fito. Na Holly Black mai suna Tithe, wanda aka yi don matasa, a 2002. Na Seanan McGuire, wanda ya kai su birnin San Faransisko, a 2009. A 1987 kuwa masu bin wannan hanya kaɗan ne, irin su Charles de Lint na Kanada, wanda ya sa nasa labaran a birnin Otawa. Da aka sake buga littafin Emma Bull a 2001, sai ya faɗa hannun mutanen da suka fara sanin jikoki kafin su ga kaka, har suka ce kaka ce ta ɗebo kamannin jikokinta.

Ashe dai rabin gardamar a kan lokacin da kowa ya karanta shi ne. Wanda ya same shi da fari ya ga an sare daji an fid da hanya, wanda ya zo daga baya kuwa ya tarar hanyar ta zama titi, bai ga abin mamaki ba. Sauran aibobin da aka ambata suna nan, tsufan littafi ba ya wanke su. Amma mai son ya yi masa adalci sai ya fara duba shekarar da aka buga shi, kana ya auna, domin wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi.