Me Ya Sa Wata Alkama Ta Fi Wata?

Manoma biyu ne maƙwabta a Kadawa. Ruwansu ɗaya, takinsu ɗaya, ranar shukarsu ɗaya. Amma ranar sussuka sai buhunan ɗaya su fi na ɗaya yawa. Sau da yawa ba sakaci ba ne. Bambancin yana cikin irin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka alkama take. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani, ana kiransu ƙwayoyin gado. Su ne ke sa kara ya yi tsawo ko gajarta, zangarniya ta cika ko ta rame, gari ya yi danƙo ko ya rasa.

Alkamar da doguwa ce. In an ba ta taki da yawa sai kanta ya yi nauyi, iska ta kwantar da ita, a yi asara. A ƙasar Japan kuwa akwai wata gajeriya mai suna Norin 10. Wani masani ɗan Amurka, Norman Borlaug, da ke aiki a Meziko, ya haɗa jininta da na alkamar can. A 1962 aka fitar wa manoma sabon iri mai gajeren kara mai ƙarfi. Abincin da zai tafi wajen yin kara sai ya koma cikin ƙwaya. Indiya da Pakistan suka karɓa, amfaninsu ya ƙaru ƙwarai. Siete Cerros da aka daɗe ana shukawa a Arewa daga wannan dangi ta fito.

To, yaya ake haɗin? Furen alkama yana da namiji da mace a wuri guda, shi yake yi wa kansa barbara. Sai masani ya sa ɗan hantsaki ya cire namijin tun bai nuna ba, ya kawo garin furen wata alkama ya zuba, ya rufe zangarniyar da takarda. Jikokin wannan aure kan fito kala-kala. Ana shuka su, a zaɓi masu kyau, a watsar da saura. Aikin yakan ci shekara 10 ko fiye. A Nijeriya, cibiyar bincike ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin alkama.

Amma cika buhu ba shi kaɗai ake nema ba. Tambayi mai gurasa ko mai taliya. Abin da suke so shi ne danƙo, wanda ke sa ƙulli ya miƙe bai tsinke ba, burodi ya tashi. A nan wahalar take: yawanci in amfani ya ƙaru, sinadarin da ke kawo danƙon yakan ragu a cikin ƙwaya. Samun iri mai duka biyun shi ke ba masana ciwon kai. Kuma yawan amfani ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, suna da yawa.

Iri mai kyau ma yana son lokacinsa. Alkama 'yar hunturu ce. A shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai tarar da ƙwaya tana cika, ta motse.

Tunda alkama ita ke yi wa kanta barbara, kana iya ajiye iri daga gonarka, zai fito kamar uwarsa. Sai dai kafin girbi ka zagaya ka tuge duk wadda ta yi dabam da saura. Ka sussuke na iri shi kaɗai a wuri mai tsabta. Kada ka auni alkamar kasuwa ka shuka, don galibi gauraye take, wata ta nuna wata tana ɗanya. In naka ya gauraya, nemi malamin gona ya nuna maka inda ake sayar da tsabtataccen iri.