Ƙwayar Maganin Wake: Lita Nawa Na Guba Take Fitarwa?

'Yan'uwa, kaka ta yi. A ƙauyukan Karaye da Rogo ana cika buhunan wake da masara, kuma mutane da yawa za su sayi ƙwayar Phostoxin su jefa a ciki domin kashe ƙwari. Ƙwayar ba ta da girma, shi ya sa ake raina ta. Bari mu yi lissafinta tare.

Nauyin ƙwaya ɗaya giram 3 ne. Kimanin giram 1.7 a ciki sinadari ne mai suna aluminiyam fosfaid. Da zarar ya sha danshin iska sai ya soma narkewa, yana fitar da iskar guba da ake kira fosfin. Ƙa'idar ba ta canzawa: giram 58 na sinadarin yana ba da giram 34 na fosfin. To, mu ninka 1.7 da 34, mu raba da 58. Ya ba mu giram 1.

Giram 34 na wannan iska yakan cika wajen lita 24 a ɗumin ɗaki. Giram 1 ke nan zai cika lita 0.7, bai ma kai babbar kwalbar ruwa ba.

Kada ƙanƙantar ta ruɗe mu. A ɗauki ɗakin kwana mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da tsayin mita 2.5. Iskar da ke ciki lita 30,000 ce. Idan an rufe ƙofa da taga, gubar ƙwaya ɗaya za ta kai kashi 23 cikin miliyan na iskar ɗakin. Dokar wuraren aiki a Amurka ta tsaya a kashi 0.3 cikin miliyan, wato an wuce ta kusan ninki 80. Ƙwaya biyu sun kusa kai kashi 50, matakin da ke barazana ga rai nan take. Kuma wa ke tsayawa a ƙwaya biyu idan buhu goma ne?

Buhun leda na kasuwa ba ya riƙe wannan iska, kwana da kwanaki tana fita. Alamunta su ne amai, jiri, ciwon ƙirji da wahalar numfashi, kuma yara ne suka fi saurin jigata. Babu maganin da ke karya wannan guba. A fitar da wanda ya shaƙa waje, a garzaya da shi asibiti tare da gwangwanin maganin.

Hatsin da aka sa wa ƙwaya, wurinsa rumbu ko sito nesa da inda ake kwana. Ga wake kuwa, buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an ɗaure bakinsa sosai kuma ledar ba ta huje ba.