Amsoshin Takardunku: Me Ya Sa Ake Fara Tsara Manhaja a Takarda?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana cewa ya ba wani matashi kwangilar yi masa manhajar waya da za ta riƙa tuna masa ayyukansa, amma yau mako guda yaron zane kawai yake yi a takarda. Shin ba cin kuɗinsa ake yi ba?

To malam, kwantar da hankalinka, da alama yaron ya san aikinsa. Dabarar da yake bi ta samo asali ne daga ƙasar Norway, inda masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da harshen kwamfuta mai suna Simula 67 a shekarar 1967. Ana kasa manhaja ne gida-gida, kowane gida da bayanansa da kuma aikinsa.

Ka dai san akwatin buga bulo: akwati guda, bulo dubu. Haka zai ƙera akwatin da ya kira "Aiki", mai gurbi huɗu: sunan aikin, ranar yinsa, wanda zai yi, da ko an gama. "Kai buhu 20 na masara kasuwa ran Litinin" bulo ɗaya ke nan. "Biyan 'yan dako" wani bulon. Sai gida na biyu, "Jeri", mai tara ayyukan ya jera su bisa rana. Na uku "Mai Tuni", shi aikinsa kaɗa ƙararrawa kurum. Ƙa'idar ita ce kada wani gida ya sa hannu cikin kayan wani, sai dai ya aika masa saƙo, kamar yadda ba ka shiga rumbun maƙwabci sai ka yi sallama. Saboda haka in gobe ka ce a canja ƙarar tunin, gida ɗaya za a taɓa, sauran na nan lafiya.

Har gado ma akwai. Aikin da ke dawowa kowace ranar kasuwa yakan gaji duk gurbin "Aiki", a ƙara masa ɗaya kawai: bayan kwana nawa zai dawo.

Kafin ka cika masa kuɗi, ce ya zauna da kai da takardun nan. Tambaye shi: in wanda aka ba aiki ya yi tafiya fa? In an kai buhu 12 saura 8, an gama ke nan ko ba a gama ba? In babu intanet a ƙauye, za ta yi aiki? Gyaran da za a yi yau da biro, in an riga an rubuta manhajar yakan ci kwanaki, kuma daga aljihunka kuɗin zai fita.