Tafarnuwa da Zogale a Ɗakin Kajin Nama

Kazar gidan gona da ake kira buroila halitta ce ta gaggawa. Cikin mako shida take tashi daga ɗan tsakon da bai wuce giram 40 da 'yan kai ba, ta kai kilo 2 ko fiye. Jiki mai irin wannan sauri hanjinsa ba ya son wargi, shi ya sa masu kiwo da yawa suka mayar da antibayotik tamkar gishirin miya, tun ranar da aka sauke kwalin tsaki ake zuba shi a ruwan sha, ko da babu mai mura ko gudawa. Ɗabi'ar ta faro ne a Amurka wajen 1950, da aka lura cewa ɗan kaɗan na maganin a cikin abinci yana sa kaji saurin girma. Suwidin ta haramta hakan a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006, domin ƙwayar cutar da ta saba da magani a cikin kaza ba ta tsayawa a kaza. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Ra'ayina shi ne, gurbin da ya dace da tsirrai irin su tafarnuwa da zogale shi ne na wannan maganin da ake ɗura wa lafiyayyun kaji, kuma iyakarsu ke nan.

Akwai hujja. Idan aka daka tafarnuwa tana fitar da sinadarin alisin, wanda ke hana wasu bakteriya yaɗuwa. Citta da gangamau suna motsa ruwan narkar da abinci, suna kuma rage kumburin hanji. Busasshen garin zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, ga sinadarin da ke sa ƙafa da fatar kaza su yi ruwan ɗorawa, kalar da mai saye ke dubawa a kasuwa kafin ya yi tayi. Duk waɗannan a ƙofar gida suke, cittar Kaciya, tafarnuwar Sakkwato da Kano, zogalen bayan ɗaki.

Masu shakka suna cewa sakamakon gwaje-gwaje ba ya daidaita, wani ya ga ƙarin nauyi, wani bai ga komai ba. Gaskiya ne, amma sai a duba dalili. Alisin ba ya daɗewa, zafi na lalata shi. Tafarnuwar da aka daka da asuba aka zuba a mazubin ruwa, kafin la'asar a zafin Afrilu ƙarfinta ya tafi, sai yauƙi a gindin roba, wanda shi kansa sheƙar ƙwayoyin cuta ne in ba a wanke ba. Zogalen da aka shanya a inuwa yana nan kore shar, wanda rana ta dafa kuwa ya koɗe, ya zubar da wani ɓangare na amfaninsa. Ga kuma batun yawa. Zogale in ya wuce kima, harzarsa da sinadaransa masu ɗaci suna hana abinci narkewa, girma ya ja baya. Darbejiya ta fi haɗari, ɗacinta na sa kaji su ƙaurace wa ruwa da abinci, kuma buroilar da ta yini ba ta sha ba a lokacin zafi ta kama hanyar mutuwa. Matsalar ta awo ce. Mai sayar da magani yana rubuta giram nawa a lita nawa, mu kuwa muna cewa "ɗan dunƙule" ko "tafin hannu ɗaya", kamar duk hannaye girmansu ɗaya.

Daga ɗaya gefen akwai masu cewa kakanninmu da barkono da sassaƙe suka yi kiwo, don haka a bar asibiti gaba ɗaya. Kajin Hausa na tsakar gida daban suke da tsaki 500 a ɗaki guda, kuma ko su ɗin annoba kan share su da sanyin hunturu. Cutar Niyukasil da Gumboro bairas ne ke kawo su, babu ruwan ganyen da ke maye gurbin riga-kafinsu, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ke sarrafawa. Kazar da ta fara kashin jini magani take buƙata a ranar, da shawarar likitan dabbobi, tare da kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwali kafin yanka. Ɗakin da shimfiɗarsa ta jiƙe har warin kashi na sa ido hawaye kuwa, buhun citta ma ba zai gyara shi ba.

Sauran tambayar ta kuɗi ce, tunda abinci ne ke cinye kusan kashi 70 na jarin mai kiwo, citta ma ta yi tsada bayan cutar da ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a 2023. Amsar tana hannun mai kiwo. Ya raba zubi ɗaya gida biyu, abinci ɗaya, riga-kafi ɗaya, ya ba rabi ƙarin tsirran da ya auna a sikeli, ya riƙa ɗora kaji goma-goma a ma'auni kowane mako, yana rubuta buhunan da kowane ɓangare ya cinye da adadin waɗanda suka mutu.