Munib, Inda Bututun Ya Tsaya

Duk wanda ya zauna a unguwar da bututun ruwan gwamnati ya tsaya a bakin titi ya san yadda abin yake. Ruwa ya taho daga nesa cikin tsari, amma bai shiga randar kowa ba. Daga bakin famfo sai 'yan ga-ruwa su karɓa, su jera jarkoki a kura, su bi lungu-lungu. Haka tashar Munib take a kudancin Giza, ƙasar Masar.

Nan ne ƙarshen layi na biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, birnin da ya riga kowane birni a Afirka samun irin wannan jirgi, tun 1987. Layin ya taso daga Shubra al-Khaima a arewa, ya bi ta Ramsis da Ataba da dandalin Tahrir, ya nutsa ƙarƙashin kogin Nilu, ya wuce Jami'ar Alƙahira. Tasha 20 ke nan, tafiyar kusan kilomita 21. Sai a 2005 aka ƙarasa shi zuwa Munib, kuma kafin jirgi ya iso nan ya daɗe da fitowa sarari. A ciki komai da ƙa'ida: kuɗin tikiti gwargwadon yawan tashoshi, ƙofar da ba ta buɗewa sai da tikiti, taragun mata a tsakiya.

Da ka sauko ka fita, tsarin ya ƙare, wani ya fara. Fararen hayis-hayis sun cika fili da gefen titi, direbobi da yaransu na ta kiran Hawamdiyya da Badrashin, wasu kuma Fayyum, Bani Suwaif, Minya. Mota ba ta da lokacin tashi, cikarta ita ce agogonta. Idan ta kama hanya, na kujerar baya ya miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu da hannu har ya kai ga direba, canji kuma ya dawo ta hanyar da kuɗin ya bi, ba tare da ko sisi ya yi ciwon kai ba. Masu shiga cikin unguwa su kuma sai tuk-tuk, wato adaidaita-sahunmu, domin akwai lungunan da hayis ba ta iya kutsawa.

Baƙo zai kira wannan hargitsi. Ni ban yarda ba. Bakin famfo ma ba ya rabuwa da caɓi da cacar baki kan layi, amma ɗan ga-ruwa ya san gidan da ake biki, ya san wanda randarsa ke ƙarewa kafin azahar. Injiniyan da ya shimfiɗa bututu bai san wannan ba, ba kuma aikinsa ba ne. Direban hayis ya san ƙauyen da ma'aikatansa ke sammako, ya san ranar da 'yan kudancin Masar ke tururuwar tafiya gida sallah. Ranar da motocin nan suka ƙi fitowa, jirgin zai zo kan lokaci, ya juye jama'a a inda ba gidan kowa ba ne.

Hukuma ta gwada ɗinke ɓarakar a wani wuri. Tashar Adli Mansur, ƙarshen layi na uku ta gabas, wadda aka buɗe a 2020, an tsara ta ne ta haɗa jirgin da manyan bas-bas da layin dogo na Suwais, sannan a 2022 aka ƙara jirgin lantarki mai zuwa sabon babban birnin mulki. Ta fi Munib tsabta nesa ba kusa ba, amma a gefen gari aka gina ta, inda fili yake. Munib kuwa jama'a sun riga jirgi zuwa.

Inda fasinja ke jin jiki shi ne aljihu. Kuɗin jirgi a rubuce yake, ba ciniki. Na hayis kuwa, duk lokacin da gwamnati ta ƙara kuɗin mai sai hukumomin lardi su fitar da sabon farashi, direba ya ɗora nasa a kai, a kwana biyu ana sa-in-sa a cikin mota kafin kowa ya haƙura.