SURAR SARDAUNA DA SIFFAR BELLO

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira 200 ya ga fuskar mutumin Raba. Tun shekarar 2000, da aka fito da wannan takarda, take ɗauke da surar Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba cikin 1910, ya zama hakiminta a 1934, aka naɗa shi Sardaunan Sakkwato a 1938, sa'an nan ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har rasuwarsa ran 15 ga Janairu, 1966. In mutum ya matso da takardar kusa da idonsa, zai tarar fuskar an haɗa ta ne da siraran layuka. Inda suka cunkushe nan ne inuwa, inda suka ba juna fili kuwa nan ne haske. Abin da ya sa ta yi kama da shi, mai zanen yana da abin dubawa, gama an ɗauki Sardauna hoto sau da yawa, kuma waɗanda suka san shi suna nan, da an kuskure da sun faɗa.

To, arewa da Raba akwai Wurno, inda hubbaren kakan mahaifinsa yake, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin ya zama ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a 1837. Shi kam ba a ɗauke shi hoto ba, domin sai a 1839 aka bayyana hikimar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, shekara biyu bayan rasuwarsa, balle Shehu Usmanu da ya rasu tun 1817. Ban da haka malaman wancan zamani ba su son a zana abu mai rai, saboda haka gwanayen alƙalami da tawada suka ba da ƙarfinsu ga zayyanar allo da adon littattafai.

Abin da ya rage mana game da kamannin Bello siffa ce ta rubutu. Wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya gana da shi a Sakkwato cikin 1824, ya rubuta cewa mutum ne mai kwarjini, mai jiki, tsawonsa ƙafa 5 da inci 10, da gajeren baƙin gemu mai murɗewa, da manyan idanu, yana sanye da riga mai launin shuɗi da farin rawani. Wannan siffa tana da daraja ƙwarai, amma fa in an ba masu zane goma ita, fuska goma dabam-dabam za su fitar.

Duk da haka, yau daga Goronyo har Raba ba a rasa yaron da zai nuna wa malaminsa hoto cikin waya, ya ce ga Bello, ko ga Shehu. Don a gane inda irin waɗannan hotuna suke fitowa, ya kamata a san hanyoyin da ake zana fuska a wannan zamani.

Hanya ta fari ita ce ta fensir da gawayi da fenti. Mai zane yakan zaunar da mutum a gabansa, ko ya ajiye hotonsa, ya auna. Ya san idanu suna wajen tsakiyar kai, ya san tsakanin ido da ido kamar faɗin ido guda ne, sa'an nan ya nemo inda wannan mutum ya saɓa wa wannan awo, domin a nan kamanninsa suke. Hanya ta biyu ita ce ta allon kwamfuta da alƙalaminsa. Awon bai sake ba, ido da hannu ne dai ke aiki, sai dai mai zane yana iya soke kuskure nan take, ya ware gemu da rawani da inuwa kowanne a shimfiɗarsa, ya kuma aika da aikin ko'ina cikin ƙiftawar ido. Hanya ta uku ita ce wadda ake rubuta wa kwamfuta suna kawai, ita kuwa ta harhaɗa fuska daga ɗimbin hotunan da aka cusa mata. In an ce mata Muhammadu Bello, sai ta kawo wani dattijo mai rawani wanda ba a taɓa haihuwa ba, ga shi kuwa tamkar hoton gaskiya.

Zanen ƙiyasi ba laifi ba ne wajen tarihi muddin an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ƙiyasi ne. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da aka cire wannan bayani. Yaro ya gani a waya, gobe a buga shi a kalanda, jibi a manna shi a bangon aji, kafin a ankara ƙarya ta yi saiwa. Wanda kuwa ya girma ya gano an ruɗe shi a kan fuska, mai yiwuwa ne ya fara shakkar sauran abin da aka koya masa, alhali Bello ya bar shaidu tabbatattu, kamar littafinsa Infakul Maisuri, da garin Wurno kansa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, kowace sura aka kawo musu su yi mata tambaya uku: wa ya yi ta, a wace shekara, me ya duba ya yi ta? Akawuna kuma, da hotunan tsofaffin hakimai da alƙalai ke rataye a ofisoshinsu, su rubuta suna da sarauta da shekara a bayan kowanne tun dattawan da suka san mutanen suna raye. Yaron da Allah Ya ba hannun zane kuwa, a ba shi takardar Naira 200 ya koyi yadda layi ke zama inuwa, sa'an nan a sa shi ya zana kakansa yana zaune a gabansa, ya rubuta suna da kwanan wata. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu riƙe amanarsu.